Shin Ido Ya Isa Shaida?

A shekarar 1983 masanan Amurka da Ingila da Holan suka harba tauraron ɗan'adam mai suna IRAS, domin auna hasken zafi wanda ido ba ya gani. Da shi aka gane cewa Arp 220, wani taron taurari mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 250, yana fitar da galibin ƙarfinsa a ɓoye. Ƙura ce ta lulluɓe shi, tana shanye haskensa, tana mayar da shi zafi.

Daga nan masana suka rabu. Me ke hura wutar? Haihuwar sababbin taurari bayan taro biyu sun yi karo, ko kuwa baƙin rami mai haɗiye abin da ke kewaye da shi? Alama ɗaya ce, amma sanadi biyu na iya haifar da ita. Saboda haka suka shafe shekaru suna aunawa.

To, jama'a, taurari ba su da mutuncin da zai zube, duk da haka an yi musu wannan haƙuri. Yaya mu da muke yanke wa ɗan'uwa hukunci da gani ɗaya? Allah Ya kiyashe mu da mugun zato, amin.