Tsakanin Girmamawa da Bauta: Abin da Ƙasar Kurfai ke Koyarwa

A ƙasar Kurfai, kamar sauran ƙasar Hausa, yaro yakan durƙusa in zai gai da mahaifinsa, talaka yakan tuɓe takalmi a ƙofar fada, kuma ba mai kiran wannan bauta. To, idan gwiwar nan ta sauka a gaban siffar da hannun mutum ya sassaƙa ko ya zana, shin har yanzu ladabi ne, ko kuwa ta zama sujada? Tambayar ta fi shekara dubu tana raba kan Kiristoci. Nauyinta ya ƙaru a Nijar, inda ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, suna zaune da maƙwabta Musulmi waɗanda ba su san zunubin da ya fi shirka girma ba.

Amsoshi biyu suka shigo ƙasar, kowace da masu ɗauke da ita. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, kuma majami'un da suka tsiro daga aikinsu bangonsu fayau yake, sai mumbari da Littafi Mai Tsarki, wani lokaci da gicciye marar siffar kowa. Ƴan Katolika sun kafa mishan a Yamai a 1931, kuma babban cocinsu na birnin, Notre-Dame du Perpétuel Secours, ya ci sunan wani tsohon zanen Maryamu da ɗanta wanda ke ajiye a Roma, a hannun limaman Redemptorist tun 1866.

Masu ƙyamar siffofi sun dogara da dokar da ke cikin Fitowa sura ta 20, wadda ta hana ƙera gunki da rusuna masa. Suna kuma kawo labarin macijin tagulla. Musa ne ya ƙera shi da umurnin Allah, amma da zamani ya miƙa sai Isra'ilawa suka shiga ƙona masa turare, har sarki Hezekiya ya farfashe shi. Ma'anar labarin ita ce abu yana iya farawa da tsarki ya ƙare a gunki ba tare da an sauya masa kama ba. Zuciyar ɗan Adam takan gaji da gaibu, ta fi natsuwa da abin da ido ya gani, hannu ya shafa. Ga Kiristan da kakanninsa suka bar yanka a gindin itace ko kan dutse, kyandir a gaban mutum-mutumi yana iya zama tsohuwar hanya cikin sabuwar riga.

Masu kāre siffofi su ma ba da ka suke magana ba. Lokacin da sarkin Rumawa Leo na Uku ya hana hotunan ibada wajajen 730, wanda ya fi kowa mayar masa da martani shi ne Yuhanna na Dimashƙa, malamin Kirista da ya rayu a ƙarƙashin daular Banu Umayya. Hujjarsa ita ce, a aƙidar Kirista, Allah marar ganuwa ya bayyana cikin jiki, don haka abin da idanu suka taɓa gani ana iya zana shi. Majalisar Nikiya ta Biyu, a 787, ta raba abu biyu: bauta ta Allah ce shi kaɗai, girmamawa kuwa takan ratsa hoto ta isa ga mai hoton. Wanda ya sumbaci hoton mahaifiyarsa da ta rasu ba takarda yake ƙauna ba. Duk da haka rigimar ba ta kwanta ba sai a 843, ta kuma sake tashi a Turai a ƙarni na 16, har aka farfasa siffofin majami'u a ƙasar Holan a 1566.

A nan ne tarihin Filinge yake da abin cewa, ko da yake ba a majami'a ya faru ba. Wajajen 1925, a garin Shikal na ƙasar Kurfai, wasu baƙin iskoki suka hau kan wata mata mai suna Shibo. Su ne Babule, waɗanda aka fi sani da Hauka. Suna zuwa da kamannin sojoji da hafsoshin Faransa, suna fareti, suna ba da oda, mabiyansu kuma suka bijire wa sarautar Gado Namalaya wanda Turawa ke mara wa baya. Kumandan Crocicchia ya sa aka kama su, aka kulle su a Yamai. Bai kashe al'amarin ba. Shi kansa ya koma iska a cikin jerin iskokin, ana kiransa Kumandan Mugu. Ƴan ci-rani suka kai Hauka har Akara, inda Jean Rouch ya ɗauki bikinsu a fim ɗinsa na 1955, Les Maîtres fous, aka ga mutum-mutumin gwamna ana fasa masa ƙwai a ka.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, mutum yakan ba abin da yake tsoro ko yake buri siffa, sa'an nan ya rusuna mata. Hular kumandan ba ta da wani asiri sai wanda firgicin talakawa ya sanya mata. Ke nan gunki a zuciya ake fara sassaƙa shi, itace da fenti daga baya suke zuwa. Majami'a mai bango fayau ba ta tsira ba, domin ana iya mayar da kwalbar man shafawa, ko hoton mai wa'azi a jikin mota, ko Littafin kansa a ƙarƙashin matashi, su zama laya. Na biyu, ƙarfi ba ya tumɓuke siffa. Wanda ya zo da bulala don ya shafe ta, sau da yawa shi ne yake zama siffa ta gaba.

Nijar ta ɗanɗana ɗacin wannan a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da fushi a kan wani zanen ɓatanci na mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ya ƙare da ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu. Wutar ba ta bambanta cocin da ke da siffofi da wanda ba shi da su ba. Saboda zanen da aka yi a wata nahiya, aka taɓa mutanen da ba su zana komai ba, alhali Littafin Farawa ya ce mutum shi ne aka halitta cikin kamannin Allah.

Ina mafita ga mai bi? Ma'aunin Hezekiya yana nan, kuma kowa da kansa zai auna. Idan siffar ta faɗi ta fashe, addu'a za ta ci gaba, ko za ta tsaya? Ana sa ran wannan mutum-mutumi ya fi wancan jin roƙo? Idan an ce i, girmamawa ta riga ta ƙetare iyaka, ko da baki yana musu. Idan kuwa siffar tunatarwa ce kawai, kamar yadda Fafaroma Giregori Babba ya ɗauki zane a matsayin littafin marar karatu wajajen shekara ta 600, to mai ƙin ta ba shi da ikon yanke wa ɗan'uwansa hukunci daga ganin gwiwa a ƙasa. Shi ma mai siffar akwai haƙƙi a kansa, na kula da sabon tuba wanda idonsa bai koyi bambancin ba tukuna, da maƙwabcin da ke leƙowa ta taga. Hezekiya macijin gidansu ya fasa, bai je neman na wani ba.