Darasi: Saurayin da Aka Ɓata wa Suna

Karatu: 1 Sama'ila 17:12-30, Fitowa 23:1, 1 Timoti 4:12

Sa'ad da Dawuda ya isa sansanin Isra'ila, ba don ganin dama ya tafi ba. Mahaifinsa Yesse ne ya aike shi da guzurin 'yan'uwansa. Amma wansa Eliyab bai tambaye shi ba, sai ya husata, ya zarge shi da girman kai da son kallon yaƙi. Ya dubi ƙuruciyarsa kaɗai, ya yanke hukunci.

Mu ma haka mukan yi. A shekara ta 2018 BBC ta nuna yadda maganin tari mai kodin yake lalatar da matasa, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi. A watan Oktoba na 2020 aka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Jalingo, Gwamna Darius Ishaku ya sa dokar hana fita. Waɗannan abubuwa sun faru, zunubi kuwa zunubi ne, ba ma ɓoye shi. Amma mai ɗaukar hoto wurin tarzoma yakan nufa. Yarinyar da take jinyar kakarta, da yaron da yake noma don kuɗin makaranta, wa ya taɓa jin labarinsu a rediyo? Da haka wake ɗaya yakan ɓata gari, mu kira tsara guda 'yan iska.

Ga hatsarin, 'yan'uwa: yaron da yake jin wannan suna kullum daga bakin dattawan ikkilisiya zai daina zuwa sujada, ya nemi waɗanda za su karɓe shi. Shari'ar Musa ta hana mu baza labarin ƙarya, manzo Bulus kuma ya gargaɗi Timoti kada ya bari a rena shi saboda ƙuruciya. Bari fa mu bincika kafin mu yi magana, mu tsauta wa mai laifi shi kaɗai, cikin ƙauna.

Tambayoyi
1. Me ya hana Eliyab ganin gaskiya?
2. Matasa nawa na ikkilisiyarmu muka sani da sunansu da aikinsu?
3. Wa za mu ziyarta a wannan mako?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka tsare harshenmu, ka koya mana duban zuciya. Amin.