Ko Suna, Ko Hujja

A Gezawa, inda gona ke manne da gona, ba a ɗaukar magana sai an san mai ita. Ɗan wane ne? Daga wane gida? Suna jingina ne: in mutum ya yi ƙarya, mutuncin gidansu ne zai biya. Yanzu da waya ta ba kowa damar magana da sunan aro, tambaya ta taso mana: shin wanda ya ɓoye sunansa ya cancanci a saurare shi?

Masu cewa a'a ba da ka suke magana ba. Malaman hadisi ba sa kafa hukunci da ruwayar wanda ba a san ko wane ne ba, domin babu yadda za a auna gaskiyarsa. Mun kuma ga yadda ƙazafi marar uba ke kashe aure, a nemi wanda ya fara a rasa.

Sai dai tilasta bayyana suna ya fi yi wa mai ƙarfi daɗi. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, da yawa cikin talakawan da suka fito fili suka soki mulkin En'e sun kwana a gidan yari. A farkon shekarun 1990 kuma, zamanin Babangida, an gwada zaɓen layi, kowa ya tsaya a fili a layin ɗan takarar da yake so. To, mai noman gonar aro, ta yaya zai tsaya a layin da mai gonar ba ya ciki? Amfanin ƙuri'ar sirri ke nan.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wani abu kuma. Tun Disamban 2020 gwamnatin Nijeriya ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar NIN. Saboda haka in hukuma ta tashi neman mai sunan aro, tana da hanyar bin sawunsa. Maƙwabci da surukai ne kawai ba za su gane shi ba. Wato sunan aro kunya yake cire mana, haɗari kuwa yana nan.

Don haka muna ganin tambayoyi biyu ya kamata mu yi. Ta farko: daga wa ake ɓuya? Manomin da ya ɓoye sunansa don ya ce an karkatar da takin da aka turo wa mazaɓarsu, garkuwa ya riƙe. Wanda ya ɓoye nasa don ya ɓata bazawarar unguwarsu, kwanton ɓauna ya yi.

Ta biyu: me ya kawo a madadin sunan? Mai suna yana iya cewa "ku yarda da ni," domin ya ajiye jingina. Marar suna ba shi da wannan gatan. Sai ya faɗi rana da wuri da yawan buhuna, abin da kowa zai iya zuwa ya tabbatar.

Nauyin bai tsaya kan mai magana ba. Duk wanda ya tura zargin da babu suna babu hujja, ya ara masa nasa sunan ne. In an zo tambaya, ƙofarsa za a ƙwanƙwasa.