Shin Umarnin Tafakkuri Ya Hau Kan Makaho da Kurma?

Malamai sun daɗe suna karantar da mu cewa Allah Maɗaukakin Sarki ya umarci bayinsa da su yi tafiya a bayan ƙasa su yi tafakkuri cikin halittunsa, amma ba a cika tambaya ba ko wannan umarni ya haɗa da yaron da aka haifa ba ya gani, da yarinyar da ba ta taɓa jin kukan kurciya ba, ko kuwa uzurinsu ya ɗauke musu shi. Iyaye da yawa sun riga sun yanke hukunci, domin sai ka tarar an ajiye yaro a zaure saboda tsoron rijiya da maciji, alhali sa'o'insa suna can fadama.

Tausayi ne, babu shakka, sai dai hujjar ba ta tare da su. Aya ta 46 ta Suratul Hajji, wadda ta kwaɗaitar da yin tafiya, ita ce kuma ta bayyana cewa makantar da ake tsoro ta zuciya ce. Laifin da Suratun Nur ta ɗauke wa makaho kuwa rangwame ne aka yi masa, ba a ba mu shi don mu tsare shi a gida ba.

Mu dubi sahabi makaho Abdullahi bin Ummi Maktum, wanda saboda shi farkon Suratu Abasa ya sauka. Ya nemi izinin yin salla a gida don ba shi da ɗan jagora, amma da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya tabbatar yana jin kiran salla, sai ya umarce shi da ya amsa. Shi ne kuma ladanin da ba ya kiran asuba sai an gaya masa alfijir ya keto, watau muryar tasa ce, idon kuwa na jama'a, kuma a nan nauyin ya dawo wuyanmu, tun da Tirmizi ya ruwaito cewa yi wa mai raunin gani jagora sadaka ce.

Wanda duk ya kai yaro makaho Yankari, ya sa ƙafarsa cikin ruwan ɗumi na Wikki, ya bar shi ya shafa bawon kuka ya saurari tsuntsaye da hantsi, ya buɗe masa ƙofar ibada. Haka kurma, wanda sau da yawa yakan riga mu ganin sawun dabba, muddin an haɗa shi da wanda ya iya maganar hannu. Ba lalle sai Yankari ba ma, gonar bayan gari ta wadatar.

Saboda haka muna roƙon iyaye, da malaman makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano, da sarakunan makafi, idan damina ta sauka su fita da yaran nan, kowane da ɗan rakiyarsa.