Nonon Uwa da Amanar Cikin Jariri

Cikin ikon Allah, jikin babban mutum na ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 38 da ido ba ya gani, galibi a hanji. Da yawansu masu amfani ne: suna taya narkar da abinci, suna tare masu kawo gudawa. A cikin jariri, nonon uwa ke ciyar da su, tun daga dakashin da wasunmu a Mafara, Bakura da Maradun ke matsewa su zubar. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwar shekara biyu. Mu ba da nono zalla wata 6. Mu daina sayo kafso a kemis ba umarnin likita, domin yana kashe har masu amfanin. 'Ya'ya amana ne, za a tambaye mu. Allah Ya sa mu dace, amin.