Ciwon Damuwa da Kashe Kai: Laifin Wane Ne?

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai wata irin mutuwa da ke ɗaure wa ikilisiya baki. Idan mai bi ya kashe kansa, dattawa sukan yi ta jayayya a kan ko ya cancanci jana'izar Kirista, iyali kuwa su ɓoye sanadin rasuwar saboda kunya. Wannan tsanani ya daɗe. Agustin ya koyar cewa dokar da ta hana kisankai ta haɗa har da ran mutum kansa, a ƙarni na 6 kuma taron shugabannin ikilisiya a Braga ya hana yi wa irin wannan mamaci sujadar binnewa. Rai na Allah ne, babu mai ja da wannan. Amma tambayar da ke gabanmu ita ce: wane nauyin laifi ne ke kan wanda ciwo ya riga ya taɓa masa ƙwaƙwalwa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu kowace shekara, da yawansu kuwa suna fama da ciwon damuwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta wurin waɗansu sinadarai, ɗaya daga cikinsu shi ne sirotonin, wanda ke da hannu cikin barci, cin abinci da yanayin zuciya. A 1976, Marie Asberg da abokan aikinta a Suwidin suka auna ruwan laka na masu wannan ciwo, suka ga yunƙurin kashe kai ya fi yawa a cikin waɗanda alamar sirotonin ta yi ƙasa a jikinsu. A 2009 kuma, masana na Jami'ar McGill a Kanada suka duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka kashe kansu. A cikin waɗanda aka zalunta tun suna yara, an sami canji a ƙwayar gado mai taimakon jiki ya kwantar da sinadarin fargaba, ta rage aiki.

Kada dai mu yi gaggawa. Wani babban nazari na 2022 bai sami tabbatacciyar shaida cewa ƙarancin sirotonin shi kaɗai ke kawo ciwon ba. Gado, rashi, talauci, kaɗaici da tashin hankali duk suna da rabonsu. Mutum ya wuce tarin sinadarai, domin an halicce shi cikin siffar Allah. Duk da haka daga ƙurar ƙasa aka yi shi, ƙwaƙwalwa kuwa gaɓa ce da ke iya kamuwa da ciwo kamar hanta ko ƙoda.

Ko a shari'ar mutane, laifi yana tafiya ne tare da sani da iko. Wanda ciwo ya rufe masa ido har ba ya ganin gobe, yana kuma ɗaukar kansa kaya ne a wuyan iyalinsa, ba ya auna al'amura yadda mai lafiya ke yi. Wannan bai mai da aikin ya zama daidai ba, amma ya isa ya hana mu hawa kujerar shari'a. Allah kaɗai ya san abin da ya rage na hankali a sa'ar ƙarshe, cetonmu kuwa a kan alherin Almasihu ya rataya.

Binciken Kanada ya juyo da tambayar kanmu. Idan zaluncin da aka yi wa yaro yana barin tabo a ƙwaƙwalwarsa har girma, ashe uban da ke dukan rashin tausayi, da maƙwabcin da ya gani ya yi shiru, suna da amsar da za su bayar. Mu da garuruwanmu suka sha rikici, marayu nawa ne ke zaune a cikin sujadarmu ɗauke da abin da idonsu ya gani?

A tuna da annabi Iliya cikin 1 Sarakuna sura 19. Bayan nasarar Dutsen Karmel ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai fara da tsawatawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi sau biyu, sa'an nan ya yi masa magana, ya kuma haɗa shi da Elisha.

Haka ya kamata ikilisiya ta yi. Idan ɗan'uwa ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, barci ya ƙi, abinci ya ƙi, ya janye daga zumunci, a matso kusa da shi. A tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa, gama tambayar ba ta shuka tunanin. In ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita a ranar, ko asibitin koyarwa na Jos, ko na Barnawa a Kaduna, ko mafi kusa. Magani yakan ɗauki makonni kafin ya yi aiki, kada kowa ya sa shi ya bari da sunan bangaskiya. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Iyalin da suka riga suka yi rashi kuwa, mu zauna tare da su, mu bar hukunci ga Mai jinƙai.

Ubangiji ya ba mu zuciyar makiyayi. Amin.