Na'ura Ta Takwas

Ku da ba a tuna sunanku sai ranar da komai ya tsaya cak, da ku nake. Ƙarfe biyu na dare, gari ya yi tsit, shayi ya huce a kofi, kwamfutoci ɗari biyu na jiran a canza musu layi ɗaya. Ko guda ba ku taɓa taɓawa da hannu ba, domin manhaja ce ta yanka babbar na'ura ɗaya ta fitar da su, kowacce tana aiki kamar mai zaman kanta. Amma albashin malamai, da takardun marasa lafiya, da kuɗin da 'yar kasuwa ta tura wa ɗanta a makaranta, duk a cikinsu suke kwana. Sannunku da aiki, 'yan'uwa maza da mata.

Ku tuna ranar 1 ga Agusta, 2012. Kamfanin Knight Capital na Amurka, mai cinikin hannun jari, ya riga ya ɗora sabuwar manhaja a kan na'urorinsa takwas. Bakwai sun samu, aka tsallake ɗaya, kuma babu wanda ya bi baya ya duba. Da aka buɗe kasuwa, ta takwas ɗin ta tayar da wani tsohon umarni, ta shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar kimanin dala miliyan 440. Wake ɗaya ya ɓata gari. Ni dai ba na ganin laifin ma'aikacin da ya tsallake ta sosai. Ido yana gajiya, hannu yana mantuwa, kowa ya shaida.

Shi ya sa nake roƙonku ku daina bin na'urori ɗaya bayan ɗaya kamar mai ban ruwa da ƙwarya. Ku rubuta aikin. Tun 1993 Mark Burgess ya fito da CFEngine don wannan buƙata. Puppet ya biyo baya a 2005, sai Ansible da Michael DeHaan ya ƙirƙira a 2012, wanda Red Hat ta saya a 2015. Masu riƙe da VMware suna da PowerCLI. A Ansible, sunayen na'urori ake jerawa a fayil ɗaya, a wani kuma a rubuta yadda ake so kowacce ta kasance, shi kuma ya shiga ta SSH ya daidaita su. Idan an rubuta shi da kyau, wadda ya tarar daidai ba ya taɓa ta, ko sau goma aka sake shi. Ga kuma abin da ya fi burge ni: ilimin da ke kan mutum ɗaya ya sauka a rubuce, na ƙasa da kai ya karanta ya koya, kai kuma ka tafi hutun Sallah wayarka ba ta kuka.

Sai dai rubutaccen umarni yana da saurin ɓarna daidai da saurin gyaransa. A 28 ga Fabrairu, 2017, wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskure wajen shigar da umarni, na'urorin da suka sauka suka zarce waɗanda ya nufa, rumbun S3 na yankin Arewacin Bajiniya ya shafe sa'o'i a kwance, shafuka birjik suka bi shi. Bayan nan kamfanin ya gyara kayan aikin, yadda ba zai ƙara sauke na'urori da yawa a tashi ɗaya ba. Mai girki tana ɗanɗana miya kafin ta zuba wa gida. Ku gwada a kan guda, sannan biyar, sannan saura, kuma ku ajiye hanyar komawa baya.

Kada wani ya ce muku wannan sai manyan injiniyoyi. Layi goma ya isa farawa. Gobe idan kun zauna a bakin aiki, ku zaɓi abin da kuka fi maimaitawa da hannu, ku rubuta shi, ku ba abokin aiki ya duba. Allah ya yi riƙo da hannayenku.